CIRE HAƘORI A ASIBITI: SHIRI KAFIN A TAFI DA KIYAYEWA BAYAN AN KOMO

Maganarmu ta yau a kan cire haƙori ce a asibiti, watau irin aikin nan da a kan yi wa mutum da hantsi, kafin azahar ya koma gida da ƙafarsa, ba a ba shi gado ba. Ciwon haƙori bai bar yaro ba, bai bar babba ba, wanda ya taɓa kwana da shi kuwa ya san dare yana da tsawo. Amma abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne, yawancin wahalar da mu ma'aikatan lafiya mu ke gani bayan an cire haƙori ba a kujerar likita ta ke farawa ba. A gida ta ke farawa, cikin kwana 3 na fari, kuma sau da yawa mutum da hannunsa ya ke jawo ta, yana tsammani tsabta ya ke yi.

To, bari mu fara da abin da ke faruwa cikin baki, gama in an gane wannan, sauran duk mai sauƙi ne.

Haƙori ba ƙusa ba ne da aka kafa a katako. Yana da saiwa, wani ɗaya, wani biyu, turamen sama har uku, kuma saiwar tana zaune cikin rami a ƙashin muƙamuƙi, waɗansu 'yan zarurruka masu ƙarfi suna riƙe da ita. Sa'ad da likita ya cire haƙorin, sai ramin nan ya saura a buɗe, ƙashi a fili. Nan da nan jini ya cika shi, cikin 'yan mintoci ya daskare, ya zama guda, baƙi-baƙi kamar yankin hanta. Wannan gudan jini shi ne maganin ramin. Shi ne murfin da ke hana iska da abinci taɓa ƙashi da jijiya, kuma a cikinsa sabon nama ya ke tsirowa. In an bar shi ya zauna, cikin mako 2 ko 3 dasashi ya rufe bakin ramin, sa'an nan ƙashi ya yi ta cikowa daga ƙasa a hankali har wata 3 zuwa 6. Ku ɗauke shi kamar sabon daɓe. Matan da suka sha wahalar daɓe ba su yarda ko akuya ta taka musu shi sai ya sha iska.

In kuwa gudan nan ya fita, ko ya narke tun lokaci bai yi ba, sai ramin ya bushe. Mutum ya ji sauƙi ranar fari, ya yi murna, sai a rana ta 3 ko ta 4 zogi ya taso, ya bi muƙamuƙi har cikin kunne, baki ya yi wari, barci ya gagara. Sai ka ji ana cewa likita ya bar guntun haƙori a ciki, ko kuwa hannunsa ba shi da kyau. Ba haka ba ne. Murfi ne ya tashi. A cikin mutum 100 da aka yi wa cire haƙori na yau da kullum, waɗanda wannan abu ke samu ba su kan wuce 5 ba, amma ya fi yawa ga masu shan taba, da waɗanda aka cire wa turmin ƙarshe na ƙasa, wanda kan fito tsakanin shekara 17 da 25.

Kafin a tafi

Abu na farko ba a aljihu ya ke ba, a baki ya ke: a gaya wa likita gaskiya. Zai yi tambayoyi waɗanda mai ciwo zai ga kamar ba ruwansu da haƙori. Kada a ƙosa, kada kuma a ce "lafiya lau" don a yi sauri. Mai hawan jini ya faɗi, ya kuma sha maganinsa na safe kamar kullum, domin jinin da ya hau ya fi wuyar tsayawa. Mai ciwon sukari ya faɗi, gama rauninsa ba ya saurin warkewa, kuma ƙwayoyin cuta sun fi samun hanya a jikinsa. Haka mai ciwon zuciya, da mai sikila, da mai fuka, da mai farfaɗiya, da mai ciwon hanta ko na ƙoda, da mai gyambon ciki. Wanda ya taɓa shan penisilin ko wani magani jikinsa ya yi borin jini, ko fuskarsa ta kumbura, lalle ya faɗi tun ba a tambaye shi ba.

Akwai tambaya guda da na ke so iyaye su riƙe. Shin yaron nan, ran da aka yi masa kaciya, jini ya tsaya da wuri, ko kuwa sai da aka yi ta fama? In ya yanke, ko ya yi haɓo, ya kan daɗe yana zuba? Akwai wani cikin kawunnansa, 'yan'uwan uwarsa, mai irin wannan hali? Akwai ciwon da a kan gada wanda ke hana jini daskarewa, ya fi kama maza, ta wajen uwa kuma ya ke biyowa. Irin wannan yaro ana iya cire masa haƙori lafiya, amma sai an yi shiri na musamman tukuna a babban asibiti. In aka ɓoye, haƙori ɗaya tak ya isa ya kai shi ga ƙarin jini.

A tattara dukan magungunan da a ke sha a zuba a leda a tafi da su, har da na gargajiya, jiƙo ne ko gari. Waɗansu tsofaffi suna shan asfirin ko wafarin kullum don tsinka jini bisa umurnin likitan zuciya. Kada su daina da kansu saboda za a cire haƙori. Su nuna wa likitan haƙori, shi ya san abin da zai yi, sau da yawa ma ba ya hana shan, sai dai ya ɗinke ramin ya sa abin tsai da jini.

Mata kuma, na san kunya, musamman a cikin fari. Amma in akwai ciki, ko ana zaton akwai, a raɗa wa ma'aikaciyar jinya in ba a iya gaya wa likita. Ciki ba ya hana cire haƙori, allurar kashe zafi ba ta taɓa ɗa, ruɓar da aka bari a baki ita ta fi haɗari. Amma sanin akwai cikin zai sa likita ya zaɓi maganin da ya dace, in aikin kuma ba na gaggawa ba ne ya sa shi tsakanin wata na 4 da na 6.

Sai maganar abinci, a nan ne a kan ruɗe, domin aikin iri biyu ne. Yawanci allura a ke yi a dasashi, wurin ya mutu, mutum yana farke. Wanda za a yi wa haka ya karya kumallo sosai kafin ya fito, ya goge bakinsa tas. Bayan aiki zai yi awoyi bai ci kome ba, kuma mai yunwa shi ke yin jiri ya faɗi a kujera. Iri na biyu shi ne wanda a ke sa mutum barci, ko don aikin yana da girma, ko don yaro ne ƙarami da ba zai tsaya ba. Wannan kishiyar na fari ne: ba a cin kome awa 6 kafin aiki, jariri ba ya shan nonon uwa awa 4, ruwa zalla kaɗai a ke sha, shi ma a tsaya saura awa 2, sai fa in likita ya ba da wani lokaci dabam. Dalili kuwa, mai barcin magani in ya yi amai ba ya iya tari, sai abincin ya gangara huhu. Uwa, ko kaka, kada tausayi ya sa ki ɗura wa yaro kunu a ɓoye don yana kuka. In kuwa an riga an ba shi, a faɗi. Ɗage aiki zuwa wani mako ba kome ba ne. Haka kuma in yaron ya tashi da mura, ko tari, ko zazzaɓi.

A yi sammako. Wannan shawara ta fi shafar 'yan'uwanmu na ƙauye masu shigowa birni ta Ƙofar Sauri daga wajen Kaita. Wanda aka cire wa haƙori da ƙarfe 9 yana da yini guda a gabansa, in jini ya ƙi tsayawa ya koma tun likita bai tashi ba. Wanda aka yi wa da la'asar kuwa, ya hau mota ya koma ƙauye, in abu ya ɓaci tsakar dare zai ɓaci. In da hali, a zauna gidan dangi a cikin gari awa 2 ko 3 kafin a kama hanya. Wanda aka sa barci lalle ya zo da babban mutum mai raka shi, kuma ran nan ba tuƙa mota, ba tuƙa babur, ba girki a bakin wuta, sai gobe. In aikin ba na gaggawa ba ne, kada a sa shi jajibirin tafiya ko biki, kuma ya fi sauƙi a yi shi ba cikin azumi ba. In ciwo ya matsa cikin watan azumi, kada a jira salla da kumburi a fuska, a ga likita, hukuncin azumin kuwa a tambayi malamai.

Wani zai ce, me ya kai ni layin asibiti, ga mai cire haƙori a kasuwa, nan take, da araha? Ba na raina sana'ar kowa. Amma ƙarfen da ya shiga bakin wani ya fito da jini, in ba a dafa shi cikin tukunyar tururi ta asibiti ba, wadda zafinta ke kai digiri 121 ko fiye, yana iya ɗaukar ciwon hanta ko ƙanjamau ya kai wa na gaba. Shafa shi da tsumma ba ya kashe su. Har wa yau, mai kasuwa ba shi da hoton da zai nuna masa yadda saiwa ta lanƙwasa, in ta karye a ciki ba shi da yadda zai yi, gobe kuma yana wata kasuwa. Ga shi kuma ba kowane haƙori mai ciwo ne na cirewa ba. Wani ciko kawai ya ke bukata, wani a wanke jijiyarsa a cike ya ƙara shekaru yana aiki. Babu tsutsa cikin haƙori. Ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da ya maƙale, su fid da tsami mai cin haƙori har ya yi kogo. Saboda haka turare ba ya fid da kome, fetur da ruwan batir da asfirin da waɗansu ke cusawa a kogo kuwa ƙona dasashi kaɗai su ke yi.

Yara

Yaro yana da haƙoran nono 20, babba yana da 32. Famfara ta kan fara wajen shekara 6, a daidai wannan lokaci kuma wani turmi ya kan fito can baya, ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye da yawa suna ɗaukarsa na nono ne, su bar shi ya ruɓe, suna cewa ai zai faɗi wani ya fito. Ba zai fito ba. Wannan na zama ne har tsufa. Na nonon ma ba a son cire su tun lokacinsu bai yi ba sai dole, domin su ke tsare wa na bayansu wuri.

Shirya yaro kuwa ba ran tafiya a ke fara shi ba. Gidan da kullum a ke cewa, "In ba ka yi shiru ba in kai ka a yi maka allura," ya riga ya ɓata wa likita aiki tun shekara guda da ta wuce. Kada kuma a yi masa ƙarya a ce kasuwa za a, sai ya ga kansa a kujera. A gaya masa kwana ɗaya kafin nan, da gajeren magana: "Gobe za mu wurin likita ya fid da haƙorin nan da ke hana ka barci. Zai sa magani wurin ya yi barci. Za ka ji yana turawa, amma ba zafi. Ina nan kusa da kai." Ya isa. Kada yayyensa su zauna suna ba shi labarin jini da ƙarfe. Wanda zai raka shi kuma ya zama mai sanyin rai, gama yaro fuskar babba ya ke dubawa ya san ko akwai abin tsoro.

Abu guda a gefe. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, ramamme, musamman wanda ya tashi daga ƙyanda, in dasashinsa yana jini, bakinsa yana wari, kumatu ya fara kumbura, wannan ba maganar jiran ranar cire haƙori ba ce. Yana iya zama cutar nan mai zaizaye baki wadda likitoci ke kira noma, ba ruwanta da noman gona. Cikin 'yan kwanaki ta ke huda kumatu. Akwai asibiti musamman dominta a Sakkwato tun 1999, a watan Disamba na 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. A kai shi asibiti ran nan.

A kujera ba abin da za mu daɗe a kai. Tsinin allura na 'yan daƙiƙu ne, sa'an nan leɓe ya yi nauyi kamar ba naka ba. Za a ji turi da girgiza da ƙara, wannan ba zafi ba ne. In an ji zafi na gaske a ɗaga hannu, za a ƙara magani. Kakanninmu ba su sami wannan gata ba, har Turawan ma ba su daɗe da samunsa ba. Ran 16 ga Oktoba 1846 ne wani likitan haƙori, William Morton, ya nuna a birnin Boston na Amurka ana iya sa mutum barci a yi masa aiki bai ji ba. Maganin allurar da aka fi yi da shi yanzu kuwa, lidokain, a ƙasar Suwidin aka haɗa shi cikin 1943. Masu cewa cire haƙorin sama yana taɓa ido, su kwantar da hankalinsu. Jijiyar gani dabam, ta haƙori dabam. Ruɓar haƙorin sama da aka ƙi cirewa ita ce ke kumbura fuska har ta rufe ido.

Bayan an komo gida

Likita zai ɗora ƙullin auduga a kan ramin ya ce a cije. A cije da ƙarfi minti 30, ba magana, ba buɗewa a leƙa. Masu zuwa sannu su yi haƙuri da ɗaga hannu. Bayan nan a cire a hankali a yar.

Daga nan har awa 24, doka ɗaya ce: kada a dami gudan jinin nan. Ba kurkure baki. Ba tofar da miyau, a haɗiye shi, ba ya cutarwa, in kuwa ba a iya ba, a sunkuya ya zuba da kansa a share da ƙyalle. Ba taɓa wurin da harshe, ko yatsa, ko tsinken sakace. Ba tsotso kowane iri: ba rake, ba alewa, ba shan lemo da tsinke, ruwan leda ma a juye shi a kofi, domin tsotson nan da a ke yi wa leda ya isa ya tumɓuke gudan. Ba shayi mai zafi, ba kunu mai tururi, gama zafi yana buɗe hanyoyin jini. Ba aikin ƙarfi, ba daka, ba jan guga, ba ƙwallo. In za a kwanta a tada kai da matashi biyu, a shimfiɗa tsohon zane a kai.

Na san abin da ke ran masu sauraro da yawa: to, alwala fa? Littattafan fiƙihun da a ke karantawa a zaurukan garin nan sun lissafa farillan alwala 7, kurkurar baki ba ta cikinsu, cikin sunnoni ta ke. Saboda haka ranar fari mutum ya iya ɗiban ruwa kaɗan ya jiƙa bakinsa ya bari ya zubo da kansa, ba tare da wasa da shi cikin kumatu ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa, amma ya tambaya tun kafin ranar, ba bayan ya kurkure sau biyar ba. Asuwaki da buroshi kuma, kashegari a goge sauran haƙora kamar kullum, a kauce wa ramin.

Taba ita ce babbar abokiyar gāba. Zuƙar tana jan gudan, hayaƙin kuma yana rage jinin da ke zuwa wurin. Sigari, da shisha, da garin taba da a ke sawa a leɓe, duk a bar su kwana 3 ko kusa, in an iya mako ya fi. Dattawa kuma su yi haƙuri da goro na 'yan kwanaki, domin ɓarɓashinsa ramin ya ke nema.

Ganin ja-ja cikin miyau ranar fari ba abin tsoro ba ne. Ɗigon jini ɗaya ya kan rina miyau cike da baki, sai a ga kamar da yawa. Zubar jini ta gaske ita ce baki ya riƙa cika da jini ja wur, ko manyan gudaji. In haka ta faru a zauna a miƙe, kada a kwanta, a naɗe ƙyalle mai tsabta wanda aka yi wa guga, a ɗan jiƙa shi, a ɗora daidai kan ramin, a cije minti 30 ana duban agogo. Ƙunshin ganyen shayi da aka jiƙa da ruwan sanyi aka matse shi ma yana yi. In an yi haka sau 2 bai tsaya ba, sai asibiti. Kada a cusa toka, ko gawayi, ko kanwa, ko garin magani.

Kada a ci kome sai allura ta saki, watau bayan awa 2 zuwa 4. A nan iyaye su sa ido ƙwarai. Yaro ya ji leɓensa ya zama baƙon abu, sai ya yi ta cizo yana tauna, ba ya jin zafi. Kashegari leɓe ya kumbura da farin gyambo, a ce allura ce ta ƙona shi. Haƙoransa ne. A zaunar da shi kusa, a yi ta tuna masa har maganin ya sake shi.

Abinci na kwana 2 ko 3 na fari mai laushi ne, mai ɗumi-ɗumi ko sanyi: koko ko kunu da ya huce, fura da nono da aka dama ta yi sumul, tuwo mai taushi da miyar kuka ba yaji, fate, dafaffen ƙwai, ayaba, gwanda. A tauna ta ɗaya gefen. Ƙuli-ƙuli, da gyaɗa, da aya, da kilishi, da tsire, da gasasshiyar masara, da dambu, su jira mako. A sha ruwa da yawa, balle lokacin bazara. Kada a ƙi cin abinci don tsoro, jiki da abinci ya ke gina nama.

Bayan awa 24 sai a fara ruwan gishiri. Rabin ƙaramin cokali cikin kofi ɗaya na ruwan da aka tafasa ya huce ya zama mai ɗumi. A guntsa, a karkata kai wajen ramin, a riƙe kamar rabin minti, a bari ya zubo. Sau 3 ko 4 a yini, musamman bayan cin abinci, har mako guda. Bayan 'yan kwanaki za a ga wani abu fari-fari ko rawaya a bakin ramin. In ba zogi ba wari, wannan ba mugunya ba ce, ba kuma tuwo ne ya maƙale ba. Sabon nama ne. Kada a sakace shi.

Kumburi ya kan ƙaru har rana ta 2 ko ta 3, sa'an nan ya fara saɓewa. Ranar fari a sami ƙanƙara a naɗe cikin ƙyalle a dafa a kumatu minti 15, a huta minti 15. Kada a gasa da ruwan zafi ran nan. Maganin zafi kuwa a sha na fari tun allura ba ta gama saki ba. Babba ya sha farasitamol ƙwaya 2 masu awo 500 kowane awa 6, kada ya wuce 8 a yini da kwana, ya kuma lura yawancin magungunan mura akwai farasitamol a cikinsu. Na yaro bisa nauyinsa a ke aunawa, a bi abin da aka rubuta, kada a raba na manya da ka. Ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba asfirin, babba ma kada ya saye shi don zafin cire haƙori, gama yana tsinka jini. Ibuprofen yana da kyau ga irin wannan ciwo, amma ba na mai gyambon ciki ba ne, ko mai ciwon ƙoda, ko mai ciki. Taramol da ire-irensa kada a saya a kanti. Kafso kuma ba kowa ke bukatarsa ba. In likita bai rubuta ba, ba mantuwa ya yi ba, in kuwa ya rubuta a sha yadda ya ce. Kafson nan ja da rawaya da a ke saye barkatai, ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai shekara 8 ba, yana ɓata launin haƙoran da ke tsirowa har abada.

Yanzu ga alamun da ba a kwana da su. Kumburin da ke ƙaruwa bayan rana ta 3 tare da zazzaɓi. Mugunya. Borin jini ko kumburin fuska bayan shan magani. Mafi muni duka, kumburi ƙarƙashin haɓa mai tauri kamar katako, harshe ya tashi sama, miyau ya gagara haɗiyewa, murya ta sāke, numfashi ya fara wuya. Wannan yana toshe maƙogwaro cikin awoyi kaɗan, yana kisa. Ko ƙarfe 2 na dare ne a ta da maƙwabci mai mota a nufi sashen gaggawa na Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya. Kada a tsaya shafa magani, kada a kai a tsaga. Zogin busasshen rami da muka faɗa da fari ba ya kisa, amma ba dalilin haƙuri da shi. A koma, likita ya wanke ramin ya sa masa magani, sau da yawa kafin a kai gida an ji sauƙi. Haka wanda ya wayi gari leɓensa ko harshensa bai farka ba, ya koma a duba. Wanda aka cire wa turmin sama kuma, in likita ya ce kada ya fyace hanci da ƙarfi, ya kiyaye, domin saiwar waɗannan haƙora tana dab da kogon da ke gefen hanci.

In an yi ɗinki, a tambaya tun a can ko zaren mai narkewa ne ko na cirewa. Na cirewa bayan kamar kwana 7 a ke komawa, ba ya ɗaukar minti 5, ba kuma zafi. Ran nan ne ya kamata a yi shawara da likita a kan giɓin da ya saura, domin in aka bar giɓin turmi shekara da shekaru, maƙwabtansa su kan karkato ciki, wanda ke fuskantarsa kuma ya yi ta tsawo don ba shi da abokin tauna. Haƙorin roba a kan auna shi bayan dasashi ya warke ya zauna. A tafi da katin asibiti.